Ɗakin da Ƙura Ba Ta Shiga: Abin da Ɗakunan Tsabta na Jami'o'i Suke Koya Mana

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshe



Batun da aka ɗora mana a yau, in an dube shi sama-sama, ya yi nisa da ajin firamare. Batu ne na wasu ɗakuna da ke cikin manyan jami'o'in duniya, inda ake ƙera abubuwan da ido ba ya iya gani, ake kuma koya wa ɗalibai yadda ake ƙera su. Za mu kira su ɗakunan tsabta, domin an tace iskar cikinsu har ƙura ta kusa ƙarewa ƙaf. A irin waɗannan ɗakuna ake horar da mutanen da ke ƙera 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin wayar hannu, da kwamfuta, da katin cirar kuɗi, da na'urorin asibiti. Abin da muke so mu tabbatar a gabanku guda ɗaya ne: kuɗi na iya gina irin wannan ɗaki, amma abin da ke riƙe shi shi ne mutane masu horo da ake biyansu haƙƙinsu, da ɗabi'ar kiyaye ƙa'ida da faɗin gaskiya. Waɗannan kuwa tushensu yana hannunmu.

Mu fara da awo, tunda shi ne sana'armu. Muna koya wa yara cewa mita ɗaya santimita 100 ce, santimita kuma milimita 10 ce. A nan rular ajinmu take tsayawa. Masana kuwa sun ci gaba daga inda ta tsaya. In aka raba milimita gida 1,000, kowane kashi sunansa maikiromita. In aka sake raba maikiromita gida 1,000, kowane kashi shi ne nanomita. Wato tsakanin ƙananan layuka biyu na rula akwai nanomita miliyan ɗaya. Kaurin silin gashin kan mutum yakan kai nanomita 80,000 zuwa 100,000. Farcen hannunmu yana tsiro da kimanin nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa, ga shi kuwa tun da muka zauna a wannan zaure yake ta tsiro ba wanda ya lura.

A watan Disamba na 1959, wani masanin fiziks ɗan Amurka mai suna Richard Feynman ya yi lacca a Kalifoniya, inda ya nuna cewa babu wata dokar halitta da ta hana a rubuta manyan kundayen sani a kan ƙusar fil. Ya sa kyautar dala 1,000 ga duk wanda ya ƙanƙantar da shafin littafi sau 25,000. Sai da aka shekara 26 kafin a ci wannan kyauta. A 1985 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford mai suna Tom Newman ya rubuta shafin farko na wani littafin Charles Dickens da tsinin lantarki, a wuri ƙarami da sai da babban madubin bincike ake ganinsa. A lura, ɗalibi ne ya yi, da kayan jami'a. Yau 'yar ƙwaƙwalwar waya ta zamani, wadda ba ta fi farcen babban yatsa ba, tana ɗauke da tiransisto fiye da biliyan goma. Tiransisto kuwa, wanda aka ƙirƙiro a 1947, makunni ne da ke buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe.

To me ya kawo maganar ƙura? Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙwayar ƙura mai faɗin rabin maikiromita, wato nanomita 500, ido ba ya ganinta, amma ta fi hanyoyin lantarkin da ake zanawa a kan 'yar ƙwaƙwalwa girma ninkin ba ninkin. In ta faɗo a kan aiki, tamkar dutse ne ya gangaro ya toshe titi. Aikin makonni sai ya lalace a banza.

Wanda ya warware wannan matsala shi ne Willis Whitfield, ɗan manomin auduga, wanda ya yi aiki a cibiyar bincike ta Sandia a jihar New Mexico ta Amurka. Kafin shi, dabarar da ake yi ita ce a toshe kowace kafa, a yi ta shara da goge-goge, amma ƙura ba ta daina ɓata ƙananan sassan na'urori ba. A 1960 Whitfield ya ce a bar iska da kanta ta yi sharar. Ya tsara ɗaki inda tatacciyar iska take kwararowa a hankali ta fuska ɗaya, ta kwashe duk abin da ya tashi, ta fita da shi ta ƙasa mai huji-huji, a sake tace ta, ta dawo. Da aka auna, ɗakinsa ya fi waɗanda ake da su tsabta fiye da sau dubu, har wasu masana suka zaci na'urar awon ce ta lalace. Matatar da ake amfani da ita, mai suna HEPA, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai kashi uku cikin goma na maikiromita.

Daga nan aka kasa ɗakunan aji-aji. A ɗauki akwatin iska mai ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya tsayi. A ɗaki irin na kowa, ƙwayoyin ƙurar da suka kai rabin maikiromita a cikin wannan akwati sukan kai miliyan ɗaya. A ɗakin da ake kira aji na 100, ba a yarda su wuce 100 ba. Domin a cim ma haka, ana sauya iskar ɗakin sau ɗaruruwa a cikin awa ɗaya, dare da rana. Ana kuma sa matsin iskar ciki ya ɗan fi na waje, yadda in an buɗe ƙofa iska fita za ta yi. Zafi da laima an ƙayyade su, ba sa hawa ba sa sauka.

Bayan duk wannan, sai aka tarar babban mai kawo datti shi ne mutum. Fatarmu tana zubar da ɓurɓushi a kowane lokaci, numfashinmu da tufafinmu ma haka, kuma da zarar mun motsa abin sai ya ninka. Saboda haka kayan da ake sawa a ɗakin tsabta, wato hular da ke rufe kai da wuya, da takunkumi, da doguwar riga mai haɗe da wando, da takalma, da safar hannu, da tabarau, babban aikinsu shi ne kare aikin daga jikin mai aikin. Ana sa su bi da bi, bisa tsarin da aka koya wa kowa. Ba a shiga da fensir, ba a shiga da takarda irin tamu, ba a shiga da hoda ko kwalli. Ba a gudu. Farfesa da ɗalibin shekarar farko dokarsu ɗaya, kuma ba a ba kowa izinin taɓa na'ura sai ma'aikacin da ke kula da ita ya horar da shi, ya gwada shi, ya sa hannu.

Aikin da ake yi a ciki ba zai yi wa iyayenmu mata wuyar ganewa ba. Mai ƙunshi takan yanka salatif ta manna a ƙafa bisa zanen da take so, sannan ta shafa lalle. Inda salatif ya rufe, lalle ba ya kamawa. In an ɓare, zane ya fito. Haka ake yi a kan faifan silikon, wanda asalinsa daga yashi ake tace shi. Ana gasa faifan a tanda mai zafin da ya kai digiri 1,000, sai wata siririyar fata mai kama da gilashi ta fito a kansa. A shafa masa wani ruwa mai jin haske. A ɗora gilashi mai ɗauke da zane, a haska. Inda haske ya taɓa, shafin ya canza, a wanke shi ya fita. Daga nan a sa sinadari ya cinye wurin da ya buɗe, ko a cusa wasu sinadarai cikin silikon, ko a shimfiɗa ƙarfe siriri. A sake shafawa, a sake haskawa, hawa bisa hawa, har sau gomai, kuma dole kowane hawa ya zauna daidai a kan na ƙasansa. Wannan shafi mai jin haske shi ya sa fitilun sashen rawaya ne, domin farin haske yana ɓata shi.

A jami'a wannan aiki darasi ne. Cibiyar Fasaha ta Rochester a jihar New York ta buɗe digirin farko na wannan fanni a 1982, kuma ɗalibanta sukan ɗauki faifan silikon da ba komai a kansa, su bi matakan nan da hannunsu, su ƙare da tiransisto mai aiki wanda za su auna. Gani ya kori ji. Wanda ya shafe makonni yana aiki, sannan ya ga abin ya mutu saboda ya tsallake mataki guda, ya koyi abin da lacca goma ba za ta koya masa ba.

Yanzu mu zo ga kuɗi. A 2018 Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, ta buɗe gininta na wannan aiki, wanda ya ci dala miliyan 400. An ajiye manyan madubban bincike a ƙarƙashin ƙasa, a kan kankare mai kauri, domin girgizar wucewar mota kaɗai ta isa ta ɓata hoto. A 2022 aka sa wa ginin sunan Lisa Su, shugabar kamfanin AMD, wadda ta yi karatunta tun daga digirin farko har na uku a wannan cibiya. Muna fatan 'yan matan ajinmu za su ji wannan suna daga bakinmu.

Tsada irin wannan ta koya wa ƙasashe masu arziki darasin da mu muka daɗe da sani, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1977 hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka ta kafa ɗakin tsabta a Jami'ar Cornell da sharaɗin ya zama na kowa: mai bincike daga wata jami'a ko ƙaramin kamfani ya zo, a horar da shi, ya biya kuɗin awannin da ya yi, ya koma da abin da ya ƙera. A can ne a 1997 aka sassaƙa jita mai tsawon maikiromita 10, kusan girman ƙwayar jini, domin a nuna iyakar gwaninta. A 2015 aka haɗa cibiyoyi 16 na jami'o'i a tsari guda, aka ware musu dala miliyan 81 na shekara biyar. Indiya ma ta bi wannan hanya. Daga 2008 ta buɗe ɗakunan tsabta na manyan cibiyoyinta biyu, ta Mumbai da ta Bangalore, ga malamai da ɗaliban ƙananan kwalejoji na faɗin ƙasar, su zo su koya, su yi bincikensu. Maimakon ɗakuna hamsin da ba za a iya ciyar da su ba, an gina kaɗan, an bar ƙofarsu a buɗe.

Mun ce ciyarwa da gangan, domin ɗakin tsabta kamar doki yake, sayensa ya fi riƙonsa sauƙi. Fankokinsa ba sa hutawa, saboda haka kuɗin wutarsa ya ninka na ofis sau da yawa. Yana shan ruwan da aka tace har ba sauran gishiri a cikinsa. Matatun iska suna cika, sai an sauya. Ga kuma haɗari. Akwai iskar silen da ke kamawa da wuta da zarar ta haɗu da iskar waje. Akwai iskar arsin mai kisa. Akwai wani asid da ake cin gilashi da shi, wanda in ya taɓa fata ba lallai a ji zafi nan take ba, alhali yana ratsawa zuwa ƙashi. Shi ya sa doka ta hana mutum ya yi aikin sinadarai shi kaɗai. A watan Oktoba na 2005 gobara ta cinye ginin da ke ɗauke da ɗakin tsabta na Jami'ar Southampton a Ingila, aka yi asarar kayan aiki da binciken shekaru, kuma sai da aka kwashe kusan shekara uku kafin sabon gini ya tsaya.

Su wa ke tsaye tsakanin ɗalibai da waɗannan haɗurra? Ma'aikatan fasaha ne, waɗanda ba a cika ganin sunansu a jarida ba. Su ke gyara na'ura, su ke duba bututun iska, su ke horar da sabon shiga, su ake tasa da tsakar dare in ƙararrawa ta kaɗa. Jami'ar Jihar Pennsylvania ta gane muhimmancinsu tun ƙarshen shekarun 1990, ta tsara yadda ɗaliban ƙananan kwalejoji masu karatun shekara biyu za su zo su yi zango guda a ɗakin tsabtarta, su fita da sana'a. Muhimmancin wannan ya fito fili a 2023, lokacin da kamfanin TSMC na Taiwan, wanda ya fi kowa ƙera irin waɗannan ƙwaƙwalwa, ya sanar da jinkirta fara aikin masana'antarsa ta Arizona, yana mai cewa babu isassun ƙwararrun ma'aikata. Wannan ya faru ne shekara guda bayan Amurka ta yi dokar da ta ware fiye da dala biliyan 52 domin wannan fanni. Kuɗi sun samu, mutane suka yi ƙaranci, domin ba a horar da mutum a dare ɗaya.

Akwai wani abu kuma da kuɗi ba sa saye. A ɗakin tsabta kowace na'ura tana da littafin da mai amfani da ita yake rubuta abin da ya sa a ciki. Ɗan gishirin da ke cikin zufar yatsa ya isa ya lalata tiransisto. Ɓurɓushin zinariya in ya shiga tandar da ba a yarda ya shiga ba, yakan gurɓata aikin duk wanda ya biyo baya. Wanda ya yi haka ya faɗa, an rufe tanda an wanke, magana ta ƙare. Wanda ya yi ya ɓoye, mutane da yawa za su shafe makonni suna neman dalilin mutuwar aikinsu. Ginin dala miliyan 400 yana rataye ne a kan amanar ɗalibi guda wanda ba mai ganinsa.

To ina ruwanmu? Ƙasarmu ma za ta so ta shiga wannan fage, kuma ya dace ta so. Wasu za su ce hazo ya hana, tunda kowace hunturu iska tana kwaso mana ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi har ta rufe rana. Ƙura za ta sa a riƙa sauya matatu da wuri, amma ba ta hana ba: Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha a Saudiyya tana da ɗakin tsabta, Arizona ma hamada ce. Abin da zai iya hanawa shi ne halin da muka sani, na gina gini a yanka kyalle a watse. Da yawanmu mun ga akwatunan kayan kimiyya a kulle a ofis har suka yi tsatsa, ko ɗakin kwamfuta da ba wuta. Asusun TETFund yana ba jami'o'i da kwalejoji kuɗin gine-gine da kayan aiki, wannan abin yabo ne. Amma duk ranar da muka ji an ce za a gina irin wannan ɗaki, mu da muke iyaye kuma masu biyan haraji muna da haƙƙin tambaya. Daga ina wutar da ba ta yankewa za ta zo, kuma wa zai biya ta shekara goma? Ma'aikatan fasaha nawa aka horar, kuma albashinsu zai hana su tafiya? Ɗalibin kwalejin ilimi ko na kwalejin fasaha daga wata jiha zai samu shiga? In ba a amsa waɗannan ba, an sayi doki ba a tanadi dusa ba.

Kada kuma tsada ta sa mu ɗauka cewa ilimin ya fi ƙarfin yaranmu. Wani matashi ɗan Amurka, Sam Zeloof, ya ƙera 'yar ƙwaƙwalwa mai tiransisto 6 a garejin gidansu a 2018 da tsofaffin kayan da ya saya ya gyara, a 2021 kuma ya yi mai 1,200. Aikinsa bai kai na masana'anta ba ko kusa, amma ya nuna cewa fahimta ita ce kan gaba. Su kansu jami'o'in sun san daga ina fahimta take farawa, shi ya sa cibiyar Cornell take fitar da mujallar yara mai suna Nanooze domin 'yan makaranta, wasu kuma suke gayyatar malaman makarantu su yi hutu suna aiki a ɗakunan tsabta.

Ga abin da za mu iya yi da abin da ke hannunmu. Mu ɗauki bandir ɗin takarda mai warƙa 500, yara su auna kaurinsa da rula. Za su samu kimanin santimita 5, wato milimita 50. Su raba da 500, sai su ga kowace warƙa kashi ɗaya cikin goma na milimita ce, wato nanomita 100,000. Yaron aji biyar ya auna abin da rularsa ba ta iya aunawa, da hankalinsa. Mu shafa man basilin a kan farin kwali guda biyu, ɗaya a taga, ɗaya a cikin kabad, bayan kwana uku yara su kwatanta, su faɗi dalili. Mu rufe tagogi mu bar tsirin rana ya shigo, mu kaɗa dasta, su ga abin da suke shaƙa. Mafi girma duka, in yaro ya auna ya samu amsar da ta saɓa wa ta littafi, kada mu sa ya goge ya kwafi ta maƙwabcinsa. Ya rubuta abin da ya gani, sannan a binciki dalili tare. In ya fasa kwalba ya zo ya faɗa, mu yaba masa faɗin kafin mu yi maganar kwalbar. Yaron da aka daka saboda ya faɗi gaskiya ya koyi ɓoyewa, kuma shi ne gobe zai gurɓata tanda ya yi shiru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wataƙila cikin yara saba'in ko tamanin da ke gaban kowannenmu, ɗaya ne zai taɓa sa farar rigar ɗakin tsabta, wataƙila ma babu. Amma awo daidai, da bin mataki bi da bi, da rubuta gaskiya, za su yi wa sauran amfani a asibiti, da gona, da garejin kanikanci, da kasuwa. Muna roƙon shugabannin reshe su duba yiwuwar ware zama guda a zango mai zuwa, inda malaman lissafi da na kimiyya za su gwada waɗannan darussa uku a junansu kafin a kai su aji.